Amsa ga mai son hawa doki daga Maradi zuwa Tasawa

Assalamu alaikum. Ƙanena, na karanta tambayarka, inda ka ce kana da ingarma ɗan shekara biyar wanda ba a cika wuce shi a sukuwa ba, kana so ka hau shi daga nan Maradi zuwa Tasawa cikin kwana biyu nan da mako shida, kuma kana neman abincin da zai ƙara masa ƙarfi. 'Yan'uwa sun ba ka shawarar ƙarin gero da kanwa. Ni dai na fi shekara ashirin ina ɗaure da doki a gidana, kuma abin da zan fara gaya maka shi ne mako shida ba zai isa ba, ko da me ka ciyar da shi.

Tsakanin Maradi da Tasawa akwai kusan kilomita 120, ke nan kana so ya yi kilomita sittin a rana, kwana biyu a jere, ɗauke da kai da sirdi. Dokin sukuwa da na hawan salla ya saba da aikin minti kaɗan ne, sa'an nan a mai da shi turke ya huta. Abin da ke ruɗin mahaya shi ne zuciya da huhun doki suna saurin karɓar horo, cikin 'yan makonni sai ka ga ya daina haki, ka ɗauka ya shirya. Jijiyoyin ƙafa kuwa suna bukatar watanni kafin su yi ƙwari, ƙashi ma ya fi su jinkiri. Doki mai zuciya zai ci gaba da tafiya don ka ce ya tafi, har sai jijiya ta kumbura, kuma jijiyar da ta taɓu tana iya cin wata shida zuwa shekara kafin ta warke. A gasar dogon zango da ake yi a ƙasashen Larabawa da Faransa, ƙa'idar hukumar dawaki ta duniya ba ta barin dokin da bai cika shekara takwas ba ya shiga tseren kilomita 160, saboda wannan dalilin.

Na san haka ne da hannuna. Wata shekara a tsakiyar bazara na hau wani bidina zuwa Gidan Rumji, tafiyar da ta ɗan haura kilomita hamsin, na fita bayan rana ta ɗaga, na ɗaura masa sirdin kwalliya mai nauyi, na kuma cika masa ciki da gero tun da asuba don ina ganin gata na yi masa. Kafin la'asar zufa ta bushe a wuyansa ta bar farin gishiri kamar an barbaɗa masa gari. Da muka tsaya a bakin wata rijiya aka zuba masa ruwa a kwalla, sai ya sunsuna ya kau da kai. Na ja fatar wuyansa na saki, ta tsaya a tattare ba ta koma ba. Da dare ya yi fitsari kaɗan mai duhu kamar shayin da ya daɗe a kan gawayi, da na sauke sirdi kuwa na tarar da kumburi biyu a gadon bayansa, kowanne kamar ƙwan kaza. Allah ya yi da sauran kwanansa, amma sai da ya yi wata uku ba a ɗora masa sirdi ba, kuma laifin duk nawa ne.

Saboda haka ina ba ka shawarar ka ɗaga tafiyar zuwa lokacin sanyi, tsakanin watan Disamba da Janairu, ka ba kanka aƙalla wata huɗu na horo. A watan farko tafiya zalla zai riƙa yi, awa guda da sassafe, kwana huɗu ko biyar a mako. Daga nan ka fara saka sassarfa ta minti biyar tsakanin tafiyar, kana ƙarawa sannu a hankali, kuma kada ka ƙara nisa da sauri duka biyu a mako ɗaya, ka zaɓi guda. Sukuwa ka ajiye ta gefe. Idan zuwa Tibiri da dawowa ya zama masa kilisa, sai ka gwada Madarunfa da dawowa sau ɗaya a mako biyu, ka ba shi hutun kwana biyu bayan kowace doguwar fita. Ka kula da ƙasar da kake bi: yashi mai zurfi irin na cikin gulbi yana wahalar da jijiya, a bi shi da tafiya kawai, marmara da kwalta kuma suna cinye kofato, tun da yawancin dawakinmu ba a sa musu takalmin ƙarfe. Kowace safiya kafin ka ɗaura sirdi ka shafa ƙafafunsa huɗu daga gwiwa zuwa kofato, in ka ji zafi ko kumburi a wuri guda, ranar babu hawa.

Abin da na fi so ka koya shi ne ƙidayar bugun zuciya, domin shi ne ba ya yi maka ƙarya. Ka sa yatsu a ƙarƙashin muƙamuƙinsa inda jijiyar jini ta ratsa ƙashi, ko ka ɗora tafin hannu a bayan gwiwar hannunsa na hagu, ka ƙirga na daƙiƙa 15 ka ninka sau huɗu. Lafiyayyen doki a turke yana bugawa tsakanin 28 da 44 a minti. Ka san adadin naka tun yana hutawa. Bayan aiki, ka sauka, ka sassauta majayi, ka sake ƙirgawa bayan minti goma. A wajen gasar da na ambata, likitan dabbobi ba ya barin doki ya ci gaba sai bugun ya sauko zuwa 64, kuma ni ma da wannan adadin nake aiki. Idan minti ashirin ta wuce bai sauko ba, aikin ya fi ƙarfinsa. Ka haɗa da duba dasashi: ka danna da yatsa ka ɗaga, jan ya dawo cikin daƙiƙa biyu. Ka kuma kara kunne a kwiɓinsa, cikin doki mai lafiya ba ya yin shiru.

Batun ruwa nan ne nake saɓa wa abin da muka taso muka tarar, cewa ba a shayar da doki yana cikin zufa. Doki yana shan lita 25 zuwa 45 a yini ko ba ya aiki, a cikin zafi kuma zufar awa guda tana iya kai lita goma. Ka bar shi ya sha a duk rijiya ko tabkin da kuka tarar mai tsabta, ka cire masa linzami ya sha da kyau, ka kwara masa ruwa a wuya da ƙirji da tsakanin cinyoyi. Ka saba masa da shan ruwan wurare daban-daban tun lokacin horo, domin akwai dokin da ba ya shan ruwan da ba na gida ba. Zufar doki tana fita da gishiri mai yawa, don haka ka riƙa sa masa cokali biyu na gishirin miya a dusa kullum. Kanwa tana da wurinta a gida, amma ba ta maye gurbin gishiri a kan hanya, kuma kada ka ɗura wa dokin da ya ƙi shan ruwa ko ɗaya daga cikinsu. Irin wannan dokin likitan dabbobi yake bukata.

Abinci kuwa, harawar wake ko ta gyaɗa da busasshiyar ciyawa su ne tushe, domin su ne ke riƙe ruwa a hanjinsa. Gero da dusa a raba su sau uku ƙanana, kada a ba shi hatsi mai yawa dab da hawa, kada kuma a sauya masa abinci ranar tafiya, nan ne ciwon ciki ke shigowa. Ka ba shi maganin tsutsar ciki tun farkon horo.

Sirdin salla ka bar shi a ɗaki. Ka nemi mara nauyi wanda bai taɓa ƙashin tsakiyar baya ba, da zubka mai laushi wadda kake wankewa, domin ƙwayar yashi ɗaya ko ƙarangiya a ƙarƙashinta ta isa ta buɗe gyambo kafin azahar. Ƙa'idar da masana ke bi ita ce nauyin mahayi da sirdi kada ya wuce kashi ɗaya cikin biyar na nauyin dokin, dawakinmu kuwa ba su da girman jiki. Linzaminmu na gargajiya yana da tsanani ƙwarai ga bakin da zai ɗauke shi awa shida, ka samu mai sauƙi, ka bar ragama a ƙarƙashinsa.

Kai ma sai ka hore. Mahayin da ya gaji yana karkata gefe guda, yana faɗowa a kan sirdi da dukan nauyinsa, bayan dokin ne kuma ke biya. Ka koyi ɗagowa a kan likkafa lokacin sassarfa, ka sa wandon da ba shi da kaurin ɗinki a cikin cinya, ka riƙe malafa da gorar ruwa, kuma duk bayan awa guda ka sauka ka ja shi da ƙafa na minti goma.

Idan lokacin ya zo, ni da zan raba hanyar gida uku, in kwana a Cadawa, in kwana a Agye, rana ta uku in bi ta Gazawa in shiga Tasawa. Ka tashi bayan sallar asuba, ka sauka kafin ƙarfe goma sha ɗaya, sauran zangon ka ƙarasa da la'asar. Ka tura wani a kan babur ya riga ka da harawa da jarkar ruwa, kuma kowace safiya kafin ka hau, ka sa a ja maka shi da sassarfa a kan ƙasa mai tauri kana tsaye kana kallo. Idan kansa yana ɗagawa duk lokacin da wata ƙafar gaba ta taka, ɗingishi ne, sai ka bar shi a wannan zangon ka nemi motar da za ta mai da shi gida.