Ƙanina na haɗa wasan shara da wanke-wanke, wai na manya ne

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ƙanina ya gama karatun kwamfuta, wata takwas ke nan yana ɗaki yana haɗa wasan bidiyo shi kaɗai. Ya ce a kan aikin gida ne, shara da wanki da ɗebo ruwa. Amma na leƙa na ga ya sa 18+ a kai, alamar cewa na 'yan shekara 18 zuwa sama ne. Me ya haɗa tsintsiya da manya? Kuma za a ci abinci da wannan? Daga wata 'yar'uwa a Aboabo, Kumasi.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Aikin gida a wasa ba shirme ba ne. Unpacking, da wani ƙaramin rukuni a Ostareliya ya fitar a 2021, ba abin da ake yi a ciki sai kwance kwalaye da jera kaya a ɗaki, kuma ya samu karɓuwa sosai. PowerWash Simulator kuwa wanke datti ne kawai da ruwa mai ƙarfi. Mutane na jin daɗin ganin ƙazanta ta gushe, musamman in ba bayansu ne ke ciwo ba.

Maganar 18+ ce ke buƙatar ki zaunar da shi, don fuska biyu gare ta. Akwai wasan da ake sa wa alamar saboda zagi ko tashin hankali ko labari mai nauyi. Akwai kuma na batsa, kuma gaskiya da yawa daga cikin wasannin da ke kiran kansu na manya suna fakewa da aikin gida ne, wanke-wanken hanya ce kawai ta buɗe hotunan tsiraici. Kada ki yi masa hukunci da lamba. Ki ce ya kunna miki ki buga minti ashirin, za ki gane.

In na biyun ne, ko an ajiye maganar addini da mutuncin gida, kasuwar ma ta ƙuntata. Google Play ba ya karɓar batsa. A watan Yulin 2025 Steam, babban shagon sayar da wasannin kwamfuta a intanet, ya cire wasanni irin waɗannan da dama, itch.io kuma, wani shagon irinsa, ya ɓoye su daga bincike, duk saboda matsin kamfanonin katin biyan kuɗi. Mai haɗa wasa shi kaɗai a Kumasi ba shi da ƙarfin jayayya da su.

In na farkon ne, hanya a buɗe take. Steam na karɓar dala 100 kan kowane wasa, a mayar wa mai wasan in cinikinsa ya kai dala 1,000, sannan Steam ya yanki kashi 30 cikin ɗari na cinikin. Yana da tsarin Early Access, inda ake sayar da wasa tun bai kammalu ba. Godot, manhajar gina wasa, kyauta ce. A Accra ma akwai kamfanin haɗa wasanni na Leti Arts tun 2009, wanda Eyram Tawia, ɗalibin KNUST (jami'ar kimiyya da fasaha ta Kumasi) a da, yake cikin waɗanda suka kafa shi. Sai dai yawancin irin waɗannan wasanni ba sa mayar da kuɗin wuta, don haka kada ya ƙi aikin albashi in ya samu.

Da ni ne shi, gidan haya na Zango zan gina a cikin wasan: layin famfo da asuba da jarkoki rawaya, rikicin wa ke da sharar tsakar gida yau, wuta ta ɗauke ana tsakiyar guga, tuwo na kan gawayi hadari ya haɗo shanya na waje. Ki tambaye shi ko ya sa wannan, sannan ki miƙa masa tsintsiya ya yi binciken aikinsa.