Tambayi Kawu Direba: me ya sa wadda ta fi gudu ke tashi ta takwas?

TAMBAYA: Kawu, barka da aiki. Ni ɗaliba ce a Garwa, babana makanike ne. Wata Asabar na kalli tseren motocin mata na F1 Academy a wayar yayana, sai na ga wadda aka ce ta fi kowa gudu an ajiye ta ta takwas wajen tashi. Yayana ya ce wasan yara ne, ƙananan motoci aka ba su don su mata ne. Haka ne? Kuma 'yar Garwa za ta iya shiga?

AMSA: 'Yata, ki gaida Baba. Yayanki kuwa, ki ce Kawu ya ce ya ga hanya amma ya ratse.

Motar ƙarama ce, wannan ya faɗi daidai. Sai dai ba don mata aka ƙera ta ba. Ajin Formula 4 ce, irin wadda samari ma suke fara koyo da ita, ƙirar kamfanin Tatuus na Italiya, da inji mai lita 1.4 da ƙarfin doki 174, kuma tana kai kilomita 240 a awa. Shekara ashirin na yi ina jan motar haya tsakanin Garwa da Marwa, ranar da allurata ta taɓa 120 a miƙaƙƙen titi, wata Hajiya a baya salati ta dinga yi har muka shiga Figil. To ki ninka wannan, mutum na kwance kusan a ƙasa, babu rufi, babu ɗan kamasho.

Abin da ya fi burge ni shi ne duk motocin iri ɗaya ne, inji ɗaya, tayar Pirelli ɗaya. Babu mai cewa injina ne bai kai ba. Hannu ne da ƙafa da natsuwa.

Ga yadda ƙarshen makon yake tafiya. Tun 2024 ake yin gasar a fili ɗaya da tseren Formula 1, wato babbar gasar tseren motoci ta duniya. Galibi ana farawa da gwaji, a san kwane-kwanen titin, makanikai su saita mota. Daga nan sai neman gurbi: kowace ta fita ta nemi zagaye mafi sauri, da shi za a jera su. Sannan tsere biyu, kowane kamar rabin awa. Abin da kika gani dokar 2025 ce: a tseren farko ana juya takwas ɗin farko, ta takwas ta koma gaba, ta ɗaya ta koma ta takwas. Dalili? A ga ko ta iya wuce mota. Gudu a titin da babu kowa daban, kutsawa tsakanin motoci bakwai a kwana, ki jinkirta taka birki ba tare da kin daki kowa ba, shi ma daban. Duk ɗan kalando, wato ɗan acaɓa, da ya taɓa ratsa bakin babbar kasuwa da yamma ya san wannan karatun. Ba a zalunce ta ba kuma, don makin wannan tseren kaɗan ne, 10 ga wadda ta ci. A na biyu za ta tashi a gurbinta na gaskiya, inda nasara ke da maki 25.

Natsuwar da na ambata, ga misalinta. A Jidda, watan Maris na 2024, Doriane Pin 'yar Faransa ta ci tseren farko, ta kuma riga kowa ƙetare layi a na biyu. Amma ba ta lura an kaɗa tutar ƙarshe mai baƙi da fari ba, ta ci gaba da taka totur har ta sake zagayowa. Aka ci ta tarar daƙiƙa 20, nasara ta koma hannun Abbi Pulling 'yar Ingila, wadda ita ce ta ɗauki kofin shekarar. Pin ba ta karaya ba, ta ɗauki na 2025. Kafin su, Marta García 'yar Sifen ce ta ci na farko a 2023. A wannan tseren na Jidda har da Reema Juffali, 'yar ƙasar da sai a 2018 aka bar mata su yi tuƙi.

Me ya sa aka ware musu gasa? Rabon da mace ta tashi a tseren Formula 1 tun Lella Lombardi a 1976. An yi wata gasar mata, W Series, ta durƙushe a 2022 saboda rashin kuɗi. Wannan kuwa Formula 1 ce da kanta ta kafa, Susie Wolff ke shugabanta, kuma bisa dokar 2024 ba a barin direba ta wuce kakar wasa biyu. Makaranta ce, a gama a yi gaba a kara da maza.

Tambayarki ta ƙarshe ita ce mai ɗaci, kuma ba zan shafa miki zuma a baki ba. Ana ɗaukar 'yan shekara 16 zuwa 25, amma kusan dukkansu tun suna ƙanana suke tseren 'yan motocin nan na kart, iyaye na zuba dukiya. A 2024 kason da ake nema daga direba Yuro 100,000 ne, wato sefa miliyan 65 da ɗoriya. Ko 'yan'uwan nan biyu na Daular Larabawa, Amna da Hamda Al Qubaisi, da suka yi tsere a wannan gasa, mahaifinsu ɗan tsere ne. A gidan suka tarar.

Ke ma akwai abin da kika tarar a gida. Kowace motar nan akwai makanikai da injiniya a bayanta, masu auna iskar taya da karanta abin da kwamfuta ta naɗa. Ki riƙe lissafi da kimiyya a makaranta. In an yi hutu, ki roƙi Baba ya bar ki ki tsaya kusa ranar da zai sauke giyabos, ki riƙe masa sifana, ki tambaye shi sunan duk abin da ya kwance.