Shin harajin shayi ne ya haddasa yaƙi tsakanin Amurkawa da Birtaniya?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. A makaranta an koya mana cewa Amurkawa sun yi wa Birtaniya tawaye ne saboda an ɗora musu harajin ganyen shayi. Abin ya tsaya mini a rai. Wane irin haraji ne wannan da har mutane za su ɗauki bindiga a kansa? Kuma tun farko 'yancin kai suke nema, ko daga baya ne abin ya rikiɗe?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, kana da gaskiya da abin ya tsaya maka a rai, domin harajin bai taka kara ya karya ba. Taro ne, wato kwabo 3, a kan kowace laba ta ganyen shayi. Hasali ma dokar 1773 da ta tayar da ƙurar rage farashin shayin ta yi. Abin da ake ja a kai shi ne wa yake da ikon sa haraji. Ko wannan jayayyar ma an kwashe shekara 10 ana yin ta ba tare da an ja daga ba, sai da Landan ta rushe tsarin mulkin Massachusetts, ɗaya daga cikin yankunanta na Amurka, a 1774 sannan aka fara tara albarushi.

Kafin in shiga labarin, akwai wani hoto da nake so ka ajiye gefe. In Bahaushe ya ji an ce mulkin mallaka, abin da yake gani shi ne sojojin Lugard a ƙofar Kano da Sakkwato a 1903, baƙo ya zo ya ci masu ƙasa da yaƙi. A Amurka waɗanda suka yi tawayen su ne baƙin. Akasarinsu jikokin Turawan da suka ƙetare tekun Atilantika ne tun daga 1607, suka kafa yankuna 13 a gaɓar gabas, a ƙasar da suka tarar da masu ita. Yawansu a lokacin ya kai miliyan 2 da rabi, kuma kusan ɗaya cikin biyar bayi ne 'yan asalin Afirka. Kowane yanki yana da majalisarsa ta zaɓaɓɓu, ta Virginia ma tun 1619 take zama, kuma waɗannan majalisu su ke yanka haraji. Mutanen suna kallon kansu a matsayin 'yan Ingila cikakku, masu haƙƙin da kowane ɗan Ingila yake taƙama da shi: ba a taɓa aljihunsa sai da yardar wakilansa.

Abin ya fara lalacewa ne daga nasara. A 1763 Birtaniya ta gama yaƙin shekara 7 da Faransa, ta ƙwace Kanada, amma ta fito da bashin da ya kai kusan fam miliyan 130. Ta kuma yanke shawarar girke sojoji kusan 10,000 a Amurka, ta hana baƙin yin ƙaura zuwa yammacin duwatsun Appalachian don gudun sabon faɗa da 'yan asalin ƙasar. Wannan hani ya ƙona ran masu neman gonaki da masu cinikin filaye. A ganin firaminista George Grenville lissafin a fili yake: an yi yaƙi an kare ku daga Faransawa, to wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ni ban ga rashin hankali a wannan tunani ba. Inda ya yi kuskure shi ne hanyar karɓar kuɗin.

A 1765 majalisar Landan ta kafa dokar kan sarki, wadda ta ce jaridu, takardun kotu, takardun mallakar fili, lasisi, har da karta, dole su ɗauki hatimin da aka biya wa haraji. Wannan ne karon farko da Landan ta sa hannu kai tsaye a aljihun mutanen, ta tsallake majalisunsu. Kuma dokar ta faɗa kan lauyoyi da masu buga jaridu da 'yan kasuwa, wato masu baki da alƙalami. Suka ce ba mu da wakili ko ɗaya a majalisarku. Landan ta ce ai Manchester da Birmingham ma ba su da kujera, amma majalisa tana wakiltar kowa. Amurkawa suka ce ɗan majalisar da ya sa wa Manchester haraji shi ma zai biya, amma wanda ya sa mana ba zai ji a jikinsa ba. A Boston, babban birnin Massachusetts, aka rataye mutum-mutumin jami'in da zai sayar da hatimin, aka yi kaca-kaca da gidan mataimakin gwamna Thomas Hutchinson. 'Yan kasuwa suka ƙaurace wa kayan Ingila, har masu masana'antu a can suka fara kuka. A Maris 1766 aka soke dokar, amma a rana guda majalisar ta zartar da wata da ke cewa tana da ikon yi wa yankunan doka a kan kowane al'amari, ko mene ne shi. Kowane ɓangare ya koma gida yana ganin shi ya yi nasara.

A 1767 aka sake gwadawa da kuɗin kwastan a kan gilashi, dalma, fenti, takarda da shayi. Ƙauracewa ta dawo, jami'an kwastan suka kasa aiki, sai aka sauke sojoji a Boston a Oktoba 1768. Gari ne da mutanensa ba su wuce 16,000 ba, ga sojoji masu ƙaramin albashi suna neman aikin lebura a lokacin hutunsu, suna karya wa 'yan gari farashi. Ranar 5 ga Maris 1770 taron jama'a ya rufe wasu sojoji da jifa da curin ƙanƙara da sanduna, suka buɗe wuta, mutum 5 suka mutu. Cikinsu akwai Crispus Attucks, ma'aikacin jirgin ruwa mai jinin Afirka da na 'yan asalin ƙasar. Abin da ya biyo baya yana burge ni duk lokacin da na karanta shi. Lauyan da ya tsaya wa sojojin a kotu shi ne John Adams, ɗan adawa da manufofin Landan, wanda daga baya ya zama shugaban Amurka na biyu. Aka sallami kyaftin ɗinsu da sojoji 6, biyu aka same su da kisan da ba na ganganci ba, aka yi musu lalas a babban yatsa. Wannan ya nuna maka cewa har a lokacin mutanen suna ganin doka ɗaya ce ta haɗa su da Ingila. A shekarar ce kuma aka janye duk harajin aka bar na shayi kaɗai, don a nuna cewa ikon yana nan.

Yanzu ga shayin. Kamfanin East India ya faɗa cikin matsalar kuɗi, ga ganyen shayi jibge a rumbunansa. Dokar 1773 ta ba shi damar kai shi Amurka kai tsaye ta hannun dillalan da ya zaɓa, a farashin da zai iya gogayya da na 'yan fasa-ƙwauri masu shigo da shayin Holan. 'Yan adawa suka ce tarko ne: in ka sayi mai arahar, ka biya taron nan, ka amince ke nan da ikon Landan. A New York da Philadelphia aka mayar da jiragen. A Boston, Hutchinson, wanda ya zama gwamna kuma 'ya'yansa suna cikin dillalan, ya ƙi barin jiragen su juya. Daren 16 ga Disamba 1773 wasu mutane suka yi shigar Mohawk, wata ƙabila ta 'yan asalin ƙasar, suka hau jirage 3, suka farfasa akwatu 342 suka zubar a ruwa.

A nan ne nake ganin aka ɗauko hanyar yaƙi, kuma nan ne littattafan makaranta suke wucewa da sauri. Mutane da dama a yankunan ba su ji daɗin ɓarnar dukiyar ba, Benjamin Franklin, ɗaya daga cikin fitattun Amurkawa na lokacin, ma ya ce a biya kamfanin. Da an nemi masu laifin an bar sauran jama'a, da wuya Virginia ta ɗauki zafi a kan rigimar Boston. Amma gwamnatin firaminista Lord North ta zaɓi ta hukunta kowa. A 1774 ta rufe tashar jiragen ruwan Boston daga 1 ga Yuni har sai an biya kuɗin shayin, a garin da cin abincinsa ya dogara da teku. Ta soke zaɓen majalisar mashawartan gwamna ta ce sarki ne zai naɗa su. Ta taƙaita taron gari, wanda shi ne inda manoma ke zama su yanke al'amuransu tun zamanin kakanni. Ta ce jami'in da aka zarga da kisa za a iya yi masa shari'a a wani wuri. Sannan ta naɗa Janar Thomas Gage gwamna. Sauran yankuna suka duba suka ce in an iya yage yarjejeniyar mulkin Massachusetts da ƙuri'a ɗaya a Landan, tamu ma ba ta tsira ba. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. A Satumba wakilan yankuna 12 suka hallara a Philadelphia, Georgia kaɗai ba ta aiko ba.

Abin da ya faru a ƙauyukan Massachusetts ya fi taron Philadelphia muhimmanci. Manoma suka tilasta wa mutanen da sarki ya naɗa yin murabus. A Worcester mutum fiye da 4,000 suka yi sahu suka hana kotu zama. Kafin ƙarshen shekara ikon Gage bai wuce inda sojojinsa suke tsaye a Boston ba, wata majalisa ta 'yan yankin ce ke karɓar haraji tana sayen makamai. Kowane gari dama yana da mayaƙan sa-kai tun da, yanzu aka ware wasu da za su fito cikin minti guda in an yi yekuwa. Daga nan kokawar ta koma ta wa zai riƙe albarushi.

Daren 18 ga Afrilu 1775 Gage ya tura sojoji kusan 700 su lalata makaman da aka ɓoye a Concord, tafiyar kilomita 30 ko kusa da haka. Sirrin ya riga ya fita. Paul Revere da William Dawes suka hau dawaki suna ta da mutane, ƙararrawar coci tana kaɗawa daga ƙauye zuwa ƙauye. Da asuba sojojin suka tarar da mutum 70 da 'yan kai a filin Lexington, wani gari da ke kan hanyar Concord, ƙarƙashin Kyaftin John Parker. Aka ji ƙarar harbi, wanda kowane ɓangare ya ɗora wa ɗayan, sai sojojin suka yi ruwan wuta, mutum 8 suka faɗi. A Concord an riga an kwashe yawancin kayan, kuma a gadar arewacin garin 'yan sa-kai suka mayar da wuta. Komawa Boston ita ce ta zama azaba: ana harbinsu daga bayan katangun dutse da itatuwa da gidaje tsawon hanya. Ba don ɗaukin da Lord Percy ya kawo musu da igwa ba, da wuya su kai labari. A ranar Birtaniya ta rasa mutum 273 tsakanin matattu da masu rauni da waɗanda suka ɓace, Amurkawa ƙasa da 100. Cikin 'yan kwanaki dubban mayaƙa suka kewaye Boston. Ranar 17 ga Yuni aka gwabza a Bunker Hill, inda sojojin sarki suka ci tudun a hari na uku bayan albarushin masu tsaronsa ya ƙare, amma fiye da 1,000 daga cikinsu suka mutu ko suka jikkata.

Akwai abin da ba na iya tsallakewa in ina ba da wannan tarihi. Masu cewa Landan na son mayar da su bayi, da yawansu suna riƙe da bayi na gaske, ciki har da George Washington da aka naɗa babban kwamanda a Yuni 1775. Shi ya sa da gwamnan Virginia, Lord Dunmore, ya yi shela a Nuwamba cewa duk bawan ɗan tawaye da ya shiga rundunar sarki ya 'yantu, ɗaruruwa suka gudu zuwa gare shi, kuma shelar ta tura masu gonaki da dama cikin tawayen.

Game da tambayarka ta biyu, a'a, ba 'yancin kai suka fara nema ba. Ko bayan Bunker Hill, a Yuli 1775, wakilan da ke Philadelphia sun rubuta wa Sarki George na Uku takardar koke suna jaddada biyayyarsu, suna roƙon ya shiga tsakaninsu da ministocinsa. Sarkin ya ƙi karɓarta, kuma ranar 23 ga Agusta ya yi shelar cewa yankunan suna cikin tawaye. Da ɗan littafin Thomas Paine ya fito a Janairu 1776 yana sukar sarautar kanta, aka kuma ji an ɗauko sojojin haya daga ƙasashen Jamus, ra'ayi ya juya. An yi shelar ɓallewa ranar 4 ga Yuli 1776, fiye da wata 14 bayan harbin Lexington.