Ɗana mai ciwon suga yana sayen asir (lemon zaƙi) a ɓoye

Tambaya: Salamu alaikum Anti, dan Allah a ba ni shawara. A Jidda muke zaune, ɗana shekararsa 9, bara aka gano yana da ciwon suga nau'i na 1, kullum sai allurar insulin. Ni dai daban nake dafa masa, ganye da kaza ba mai, mu kuma mu ci kabsa (dafa-dukan shinkafa) da tamis (burodi), wallahi sai ya zauna yana kallonmu hawaye na zuba, rannan ma na kama shi a bagala (kantin unguwa) yana sayen asir a ɓoye. Ga kakarsa kullum sai ta cika masa hannu da dabino wai abinci ne mai albarka ba ya cutarwa, in na yi magana a ce na raina uwar miji. Ya zan yi?
Wata uwa, Jidda

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar uwa, Allah ya ba shi lafiya. Gaskiya laifin ba na yaron ba ne, tukunya biyun nan ce matsalar, ko ke aka ajiye wa dafaffen ganye ga ƙamshin kabsa na tashi ai sai kin nemi hanyar bagala.

Nau'i na 1 ba shan zaƙi ke kawo shi ba, jikinsa ne ya daina yin insulin, kuma yaro ne mai girma, yana buƙatar shinkafa da burodi kamar kowa. Abin da ake so ki san yawan abin da ya ci don allurar ta dace da shi. In kun koma mustashfa (asibiti) ki nemi a haɗa ki da likitan abinci ya koya miki ƙirgen sitaci, misali kofi ɗaya na dafaffiyar shinkafa kusan gram 45 ne. Da farko kanki zai ɗau zafi, amma nan da 'yan makonni da ido ma za ki dinga kimantawa.

To sai a koma tukunya ɗaya. Kabsar nan dai, amma a rage mai, rabin faranti salak, sauran a raba tsakanin shinkafa da kaza, kuma haka na kowa zai kasance har baban. Tamis farar fulawa ce zalla, a gutsura masa kaɗan a haɗa da ful (dafaffen wake) da ƙwai, ya fi riƙe ciki kuma suga ba ya tashi da gudu. Lemon gwangwani kuwa ki fitar da shi daga firij gaba ɗaya, gwangwani ɗaya na mil 330 yana ɗauke da suga kusan gram 35, ba a banza gwamnatin Saudiyya ta ɗora masa harajin kashi 50 cikin 100 a 2017 ba. Ruwa da laban (nono) marar suga sun wadatar. Yaro abin da ya gani a hannun iyayensa yake ci, ba abin da aka yi masa wa'azi ba.

Batun Hajiya, kar ki ja da ita, ba za ki ci riba ba. Dabino mai albarka ne, amma suga ne da shi sosai, dole ya shiga ƙirge. Ki ba ta aiki, ki ce Hajiya ke ce mai ajiyar dabinonsa, duk sanda ya fara rawar jiki da gumi aka auna sugansa ya sauka ƙasa da 70 ke za ki ba shi biyu ko uku ƙanana, a sake aunawa bayan minti 15. Kuma ki tafi da ita ganin likita ko sau ɗaya, abin da ta ƙi ji a bakin suruka za ta ji a bakin mai farar riga.

Shi kuma kar a doke shi kan asir ɗin nan, in ya tsorata ɓoyewa zai ƙara yi, ke kuma ki yi allura kan lissafin da ba daidai ba. Ki ce ya dinga faɗa miki duk abin da ya ci, ba faɗa. In kun yi gwajin HbA1c, wato gwajin jinin da ke nuna yadda sugansa ya kasance a watannin baya, nan da wata uku ki rubuto min abin da ya nuna.