Tambaya da Amsa: Ta Ina Zan Fara Koyon Yi wa Baƙi Jagora a Gidan Tarihi?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni matashi ne daga Daura, na kammala digiri a fannin tarihi, na kuma gama bautar ƙasa. Tun ina ƙarami nake ganin baƙi suna tururuwa zuwa rijiyar Kusugu, kuma burina shi ne in zama mai zagayawa da baƙi a gidan adana kayan tarihi na ƙasa da ke Katsina. Wane horo ake buƙata, kuma ta ina zan fara? Daga wani mai karatu, Daura.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya cika maka wannan buri, domin aiki ne da ƙasarmu take da ƙishirwar masu yin sa da ilimi. Gidan da kake magana a kansa yana ƙarƙashin Hukumar Kula da Gidaje da Wuraren Tarihi ta Ƙasa, wato NCMM, wadda aka kafa a 1979, saboda haka ɗaukar ma'aikatansa sha'ani ne na gwamnatin tarayya, sai ka riƙa sauraron sanarwarta. Hukumar tana da cibiyar koyar da aikin gidan tarihi a Jos, akwai kuma cibiyar NIHOTOUR mai koyar da karɓar baƙi da yawon buɗe ido, wadda take da reshe a Bagauda ta jihar Kano. Digirinka ya ba ka tushe mai kyau, amma mafi yawan abin da wannan aiki yake buƙata a bakin aikin ake koyonsa.

Abu na farko da za ka ƙware a kansa shi ne ginin kansa, domin shi ne babban kayan tarihin da ke wurin. A cikinsa aka kafa Kwalejin Horon Malamai ta Katsina a 1921, Gwamna Hugh Clifford ya buɗe ta a 1922, a zamanin Sarkin Katsina Muhammadu Dikko. A nan Sardauna Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa da Kashim Ibrahim suka yi karatu, kafin a mayar da makarantar Kaduna a 1938, daga baya ta koma Zariya ta zama Kwalejin Barewa. Idan ka shiga da ɗaliban firamare cikin ɗaya daga ɗakunan nan na ginin ƙasa, ka sa su ɗora tafin hannu a bango su ji sanyinsa ko da bazara ce, su ga kaurinsa, sannan ka gaya musu cewa Firayim Ministan Nijeriya na farko a irin wannan ɗaki ya zauna yana ɗalibi. Yaron da ya taɓa bangon nan ba zai manta da maganarka ba.

A nan ne kuma za ka gamu da jarrabawar da nake so ka fi shirya mata. Wata rana yaro zai ɗaga hannu ya ce, "Malam, a ina Sardauna yake zama?" Idanu talatin suna kanka, kuma babu abin da ya fi sauƙi kamar ka nuna wata kusurwa ka ce nan ne. Kada ka yi haka sai da hujja, domin yaron nan zai kai maganar gida, ya girma da ita, ya faɗa wa 'ya'yansa, alhali kai ne ka ƙaga ta. Ka saba wa harshenka da bambanta "an rubuta cewa" da "magabata sun ce", ka kuma ba kowanne girmansa.

Kai da ka fito daga Daura ka fi kowa buƙatar wannan. Labarin Bayajidda, da macijin da yake hana ɗiban ruwa a Kusugu sai ranar Juma'a, da aurensa da Magajiya Daurama, da Bawo da 'ya'yansa, gado ne mai daraja da ya kamata ka iya ba da shi da daɗin baki. Sai dai masana irin su Farfesa Abdullahi Smith sun nuna cewa bai isa a ɗauke shi a matsayin bayanin asalin Hausawa baki ɗaya ba, kuma baƙon da ya zo daga jami'a zai tambaye ka wannan. Haka hasumiyar Gobarau, wadda tsayinta ya kai kimanin mita 15: ana danganta ta da zamanin Muhammadu Korau, don haka sai ka ce ana dangantawa, kada ka yanke mata shekara. Ka nemi binciken marigayi Dakta Yusufu Bala Usman kan Katsina daga 1400 zuwa 1883 ka karanta shi a tsanake, ka san Wali Ɗan Marina da Wali Ɗan Masani, da shigowar Ummarun Dallaje, sarkin Fulani na farko a Katsina, da kaburburan Durɓi ta Kusheyi a ƙasar Mani.

Harshe ma jari ne. Hausarka da Ingilishinka su zauna sosai, in kuma ka ƙara da ɗan Faransanci za ka ji daɗin baƙi daga Maraɗi da Damagaram na Nijar da sauran ƙasashen Afirka ta Yamma.

Shawarata ita ce kada ka zauna jiran takardar ɗaukar aiki. Ka je gidan da kanka, ka gai da shugabansa cikin ladabi, ka nemi izinin bin tsofaffin ma'aikata idan suna zagayawa da baƙi, da littafi da alƙalami a hannunka, kana rubuta tambayoyin da baƙi suka fi yi. Ranar da babu baƙi kuma, ka bi ƙofofin birni da ƙafa, daga Ƙofar Sauri zuwa Ƙofar Durɓi, har Ƙofar 'Yanɗaka da Lugga, wato Lugard jagoran Turawan mulkin mallaka, ya shigo ta cikinta a 1903, ka zauna da dattawan kowace unguwa ka ji abin da suka gada, ka rubuta sunan wanda ya faɗa maka da ranar da ya faɗa.