Babban bargo ya ƙi shiga kekena, yaya zan yi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na harhaɗa ragowar ƙyallayen atamfa na yi fuskar bargo na gado shida da shida, ina so in gama kafin hunturu. Da na sa faiba (abin laushin da ake sawa a tsakiya) da shafi sai ya ƙi shiga kekena Butterfly, ƙasan kuma sai tattarewa yake. In koma ɗinkin hannu ne? Daga wata mai karatu a Gwammaja.

Amsa: Wa'alaikumus salam 'yar'uwa. Laifin ba na hannunki ba ne. Ratar da ke tsakanin allura da jikin keken gida ba ta fi kamar inci 7 ba, ke kuma kina cusa mata rabin bargon da faɗinsa ya doshi ƙafa 8. Ragowar na zubowa daga teburi, nauyinsa na jan allura har ta karye.

Ni dai shawarata, ki raba shi gida uku a tsaye. Kowane kashi ki shimfiɗa shafinsa a tsakar ɗaki, ki ja shi ya miƙe sarai, ki ɗora faiba, sannan fuskar. Ki kafe su da fil mai kullewa, tsakanin wannan da wancan faɗin tafin hannu. Nan ake yin kasala, kuma nan tattarewar take samo asali. Ki fara ɗinki daga tsakiya zuwa gefe, ki ƙara tsawon takun ɗinkin, ki bar inci 2 ba ɗinki a bakin da za a haɗa. In kin gama, ki haɗa fuska da fuska a keke, ki datse faibar baki ya taɓa baki kada ta hau juna ta yi tudu, shafin kuma ki kalmashe ki bi da hannu.

Ɗinkin hannu ya fi laushi da kyau, wallahi ina son sa, amma bargo irin wannan sai sanyi ya wuce ba ki gama ba. In faibar mai kauri ce sosai, ki ɗaura shi kawai: zare mai kauri, ƙulli a kowane inci 4.

Shafin kuwa, in kin sayo a Kantin Kwari ki wanke shi tukuna, don yadin auduga yana shiga bayan wankin farko, sai ya janye miki ɗinkin.