Tambaya da Amsa: Me Ya Sa Tumblr Ya Kayar da Posterous?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne mai karatun kwamfuta, kuma a wani darasi malaminmu ya kawo misalin dandali biyu na wallafa rubutu a intanet, Tumblr da Posterous, waɗanda suka taso kusan lokaci guda a Amurka. Ya ce Posterous ya fi sauƙin amfani, amma shi ne ya mutu. Yaya za a yi mai sauƙi ya sha kaye?

AMSA: Wa alaikumus salam. Malaminku ya faɗi gaskiya, sai dai sauƙin da Posterous ya kawo na mai rubutu ne a lokacin da yake aika rubutunsa, kuma ba a nan aka yi karon ba.

David Karp ya buɗe Tumblr a birnin New York a shekarar 2007, sannan Sachin Agarwal da Garry Tan suka fito da Posterous a San Francisco a 2008, da tallafin cibiyar renon sababbin kamfanoni ta Y Combinator. Dabarar Posterous abin a yaba ce: mutum ya rubuta saƙon imel, ya haɗa hoto ko bidiyo ko sauti, ya tura zuwa adireshi guda, nan take sai ya ga an buɗe masa shafi an tsara komai, ko rajista bai yi ba tukuna. Haka kuma dandalin yana iya kwashe wannan rubutu ya watsa shi a Facebook da Twitter da Flickr ba tare da mai shi ya sake ɗaga yatsa ba.

Abin da ke sa yawancin masu buɗe shafi su watsar da shi ba da daɗewa ba kuwa shi ne shirun da ke biyo bayan wallafa. Mutum ya ɓata dare yana rubutu, gari ya waye babu wanda ya karanta, balle a tanka masa. Wannan ciwon Tumblr ya nufa. Duk wanda ya shiga yana da allo guda inda rubuce-rubucen mutanen da yake bi suke sauka ɗaya bayan ɗaya, kuma a jikin kowane rubutu akwai maɓallin nuna so da maɓallin sake wallafawa. Na biyun shi ne ƙashin bayan nasarar, domin wanda ba shi da abin cewa yau yana iya ɗauko hoton wani ya ɗora a shafinsa da sunan mai shi, shafinsa bai zauna fayau ba, shi kuma mai hoton ya sami sababbin idanu. Da haka masu zane da masu ɗaukar hoto da matasa masoya finafinai da waƙoƙi suka taru suka zama jama'a, kowane sabon shiga yana ƙara wa na da dalilin dawowa gobe.

A ganina, watsa rubutu zuwa wasu dandali da Posterous ya yi alfahari da shi ya cuce shi fiye da yadda ya amfane shi, domin hira da sharhi a can Facebook da Twitter ake yin su, shi kuwa ya zama rumbun ajiya kawai. Sannan aikawa ta imel ba wuyar kwaikwayo gare ta ba, Tumblr da WordPress, wani dandalin wallafa rubutu, duk suna da ita a lokacin, kuma da manhajojin waya suka yawaita sai darajarta ta ragu. A 2010 Posterous ya yi kamfe na jawo mutane, ya fito da hanyoyin kwaso tsofaffin rubuce-rubuce daga wasu dandali, har da Tumblr, amma rubutu ake iya kwasowa, mabiya kam suna nan inda aka bar su.

Garry Tan ya bar kamfanin a 2011 ya koma Y Combinator. A watan Maris na 2012 Twitter ya sayi Posterous, kuma alamu sun nuna injiniyoyin yake so, domin a ƙarshen Afrilun 2013 aka rufe dandalin. Wata guda bai cika ba Yahoo ya sanar da sayen Tumblr a kan dala biliyan 1.1.

Idan za ka kawo wannan misali a jarrabawa, ka ƙara da cewa tara jama'a bai koya wa Tumblr yadda zai mayar da su kuɗi ba. Talla ba ta kawo abin da Yahoo ya yi tsammani ba, hana hotunan batsa a Disambar 2018 ya kori masu amfani da yawa, kuma a 2019 kamfanin Automattic, mai WordPress.com, ya sayi Tumblr daga Verizon, kamfanin sadarwar da ya riga ya saye Yahoo, a kan kuɗin da rahotanni suka ce bai kai dala miliyan 3 ba.